Ƙarar da Laka Ta Shanye

Fousango, Malaita
Maris, 1987

Zuwa ga ƙanwata Kesaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Turawan da kuke sauraron taɓo tare. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matata Prisila ta sauka, an sami mace, hancinki ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Gwaza ta fara dawowa a gonar tudu bayan ɓarnar guguwar bara, amma har yanzu rogo muke ci safe da yamma.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baba ya faɗa kan shingen murjani, duwatsun nan da suka raba ruwanmu da babbar teku, ranar Talata. Kada hankalinki ya tashi, yana raye, bakinsa ma ya fi da kaifi.

Kin tafi tun idonsa na ɗan ganin inuwar tsibiri, ba ki ga yadda abin ya koma ba. Yanzu yanar ido ta rufe duka biyun. Amma fita kamun kifi bai fasa ba, kuma shi kaɗai, wai duk wanda ya ɗauka surutu zai yi kifi ya gudu. Fita ba ta ba shi wuya, ruwa ke fitar da shi. Dawowa ce aiki, don kin san ƙuncin ƙofar shingen nan. Shi ya sa in la'asar ta yi Mama take shiga ruwa a mashigar mata har ƙugu, da baƙaƙen duwatsunta biyu, ta riƙa buga su a ƙarƙashin ruwa. Shi kuma can waje sai ya tsoma filafilin tuƙinsa, ya kafa ƙotar a ƙashin bayan kunne, yana bin gefen shinge a hankali. Inda bugun ya fito masa tar, nan ce ƙofa. Shekaru suna haka bai taɓa kuskurewa ba.

Tun bayan guguwa ya fara ƙorafi wai bugun ya yi nisa. Ranar Talata ya ce bai ji komai ba, ya gaji da jira ya shigo da ƙiyasi. Igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwalen ta maka a kan murjani, ƙafarsa ta tsage daga gwiwa zuwa idon sawu. Masunta masu dawowa ne suka tsamo shi. Mama da ta ji ihu ta so fitowa da gudu, taɓo ya riƙe ta har cinya, sai da mata biyu suka ciro ta.

Ma'aikaciyar jinya ta ɗinke ƙafar, ta ce kunnen tsoho haka yake, wata ƙarar ya ji, wata ta wuce shi. Na ce mata ai in ana gulmarsa a bayan ɗaki yana ji sarai. Ta ce wannan daban.

Yaya Hilda ta zo daga Honiara mun zauna. Ido ya tafi, kunne ya bi shi, ba za mu jira teku ta kawo mana gawa ba. Za ta ɗauke shi ya zauna wurinta, Mama kuma ta tsaya da mu, don ɗakin Hilda ba zai ci mutum biyu ba. Kwalekwalen in an gyara a ba ɗan Kawu Maeta. Da muka gaya masa sai ya ce, "Ku kai ni Honiara in yi me? In zauna a baranda ina shaƙar hayaƙin mota ina cewa an gode?" Daga ƙarshe abu ɗaya ya roƙa, a bar shi har bikin Bitrus Mai Tsarki a ƙarshen Yuni, ya ji an sa wa jirage albarka. Mun yarda.

Raina ba daɗi, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ne a nan, ni na wanke jinin.

Yayanki,
Lemuwel

*

Townsville
Afrilu, 1987

Yaya Lemuwel,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama da Baba da mai jego. Barka da samun ƙaruwa, kuma hancina ba abin da ya yi wa kowa. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar kifin gida, na nan duk ɗanɗanon ƙanƙara yake yi.

Takardarka ta same ni ina ɗaure jaka. Jirgin bincikenmu zai tashi gobe da safe zuwa tekun arewa, kuma babu gidan waya a tsakiyar ruwa, don haka ka yi haƙuri da gajeren rubutu. Na karanta sau uku, na yi kuka, na sake karantawa.

Yaya, ban yarda kunnen Baba ne ba. Mutumin da ke jin an buɗe gwangwanin taba daga bayan coci? Ni a ganina matsalar tana wajen Mama. Ƙarar tana mutuwa tun daga inda take, ba ta isa gare shi balle ya ji. Ba zan ce na tabbata ba, akwai abin da nake so in gwada a jirgi tukuna, in na dawo zan yi maka bayani dalla-dalla. Don Allah kada ku ba da kwalekwalen, kada ku sa shi a jirgin Honiara sai kun ji daga gare ni. Baba a baranda ba zai kai Kirsimeti ba, kai ma ka sani.

Ƙanwarka,
Kesaya

Na manta. Wane taɓo ne ka ce ya riƙe ƙafar Mama? Ni farin yashi na sani a mashigar mata, a nan na koyi iyo.

*

Fousango
Ƙarshen Afrilu, 1987

Kesaya,

Muna lafiya. Ƙafar Baba tana warkewa. Jaririya an sa mata Selina, sunan Mama.

Sannu da aiki. Kin yi da layi biyu abin da guguwa ba ta iya yi ba. Kin san in takarda ta zo a gidan nan ba a karanta ta a ɓoye. Bayan coci kowa ya zauna, na buɗe na fara, ban san abin da ke gaba ba. Da na kai wurin da kika ce matsalar tana wajen Mama, na so in tsallake, amma baki ya riga ya faɗa.

Baba ya ɗaga kai ya ce, "Kun ji ko? 'Yar boko ma ta faɗa. Na daɗe ina cewa matar nan ta daina bugu da zuciya ɗaya. Ta gaji da ni, so take in tafi Honiara ta huta."

Mama ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko duwatsun ta ajiye a gabansa, sannan ta buɗe min tafin hannunta. Kesaya, da kin ga hannun nan da ba ki rubuta abin da kika rubuta ba. Duk ya fashe, farce biyu sun yi baƙi. Tun da ya fara cewa ba ya ji take ƙara ƙarfi, har kafaɗarta ba ta ɗaguwa da safe, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce, "Ka rubuta wa ƙanwarka ka ce na gode."

Yanzu ba sa magana. Abinci Prisila ke kai masa. Mutanen da suka haife mu mu biyar, yau suna kwana ɗaki ɗaya kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya.

Kina can kina cin burodi da man shanu kina yanke hukunci a kan hannun da ba ki gani ba. Kuma uban da ya haife ki na kwance da ɗinki, ke tambayarki taɓo. E, taɓo ne. Tun da guguwa ta zubo da rabin dutsen can cikin kogi, ko'ina taɓo ne. Kin ji daɗi?

Lemuwel

*

Fousango
Mayu, 1987

Ƙanwata,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Jirgi ya zo sau biyu babu takardarki. Ko fushi kike yi da ni ne, ko har yanzu kina ruwa, ban sani ba. In fushi ne, ki yi da ni, amma ki rubuta wa Mama ko layi ɗaya.

An gyara kwalekwalen. Ɗan Kawu Maeta ya zo dubawa, Baba yana zaune yana jin sa yana ƙwanƙwasa katakon. Bai hana shi ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da yamma yakan sa a kai shi mashigar maza ya zauna da filafili a kan cinya, ba ya tsoma shi a ruwa. Jiya ya ce da ni, "Lemuwel, wataƙila dai kunnen ne." Gara min zaginsa sau goma da wannan maganar.

Mama ma in la'asar ta yi sai ka ga ta miƙe kamar za ta ɗauki wani abu, sai ta tuna ta koma ta zauna.

Yaya Hilda ta aiko cewa za ta zo bikin ta tafi da shi.

Yayanki,
Lemuwel

*

Townsville
Farkon Yuni, 1987

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Jiya muka sauka, na tarar da takardunka biyu suna jirana, na karanta su a tsaye a bakin ƙofa. Ban yi fushi ba, zagin ya yi daidai da ni. Kafin ka karanta komai a gaban mutane, fara da wannan, kuma ka ɗaga murya.

Mama, hannunki ba shi da laifi. Da na ce matsalar tana wajenki, wurin da kike tsayawa nake nufi, ƙasan da ke ƙarƙashin ƙafarki. Gaggawa ta sa na bar maganar a rabi. Ki yafe min. Baba, kai ma ka nemi gafararta, don abin da ka faɗa ya fi nawa muni, kuma kai ba jirgi ke jiranka ba.

Yanzu Yaya ka saurara, taɓon da kake min ba'a da shi ne zai yi magana. Aikinmu a jirgi shi ne mu cusa dogon bututu a ƙasan teku mu zaro abin da ke ciki, yashi ko laka. Sai mu sa ɗan abin da ke yin ƙas a gefe ɗaya na bututun, mu sa abin saurare a ɗaya gefen, mu ga nawa ne daga ƙarar ya tsallake. Dalilin da ya sa ake damuwa da wannan kuwa, a ruwa mara zurfi irin namu ƙara ba ta tafiya a miƙe. Tana dukan ƙasa ta yi sama, ta daki saman ruwa ta dawo ƙasa, haka take tsalle har ta isa inda za ta. In ƙasan yashi ne mai tauri ko dutse, yana mayar da ita kusan dukanta. In laka ce mai laushi, sai ƙarar ta shige ciki, kaɗan ke dawowa. Ka jefa kwakwa a kan dutse, ka sake jefa ta a kan tarin raga, za ka gane. Daga mashigar mata zuwa ƙofar shinge kuwa tsalle ne da yawa, kowane ɗaya ana rage mata, kafin ta kai babu saura.

A tafiyar nan mun tsaya kusa da bakin wani kogi. Na roƙi shugabarmu ta bar ni in zaro lakar wurin, irin wadda ganye da itace suka ruɓe a cikinta. Tana cike da ƙananan kumfa, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na sa abin ƙas ɗin a gefe, na saurara a ɗaya gefen. Tsit. Bututun da faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba, ƙarar ta kasa tsallakewa. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, har wani abokin aikina ya ce ko warin ne ya juya min kai.

Ga abin da nake so ka yi, ba ya buƙatar boko. Ka ɗauki sandar tuƙi ka bi daga mashigar mata zuwa ƙofa kana caka ƙasa. Inda ta nutse, laka ce. Ka nemo wurin da daga shi har ƙofa sandar ba ta nutsewa, a can za a buga duwatsun. A sa Baba a kwalekwale da wani babba a kai shi waje. In bai ji ba, na yarda kunne ne, ni da kaina zan biya masa kuɗin jirgi in yi shiru. Amma ka gwada kafin Yaya Hilda ta iso.

Ka sumbaci ƙaramar Selina a hancin nan.

Ƙanwarka,
Kesaya

*

Fousango
Yuli, 1987

Malama mai sauraron taɓo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya. An yi biki, an sa wa jirage albarka, har da na Baba, kuma shi ne a cikinsa.

Takardarki ta zo ana saura kwanaki kaɗan. Na karanta da ƙarfi kamar yadda kika ce. Mama ta juya fuska bango, amma na ga kafaɗarta ta sauka. Washegari na ɗauki sanda. Kesaya, daga mashigar mata har tsakiyar ruwa sandar nutsewa take kamar a cikin kunu, in na zaro kumfa ya biyo ta da warin da kika faɗa. Wurin da muka yi wasa muna yara. Kullum ina wucewa ta kai, ban taɓa tunanin yana da ruwa da kunnen Baba ba. Wuri ɗaya na samu mai tauri, hanyar da ruwa ke bi da ƙarfi in yana janyewa. Ta share kanta tas, kuma daga mashigar maza ta tashi.

Na karɓi aron duwatsun na shiga ruwa a nan. Kawu Maeta ya fita da Baba. Shi ya ba mu labari daga baya. Ya ce Baba ya ƙi tsoma filafilin, sai da ya ce masa, "Obed, in ba za ka saurara ba mu koma, ina da raga da zan ɗinka." Ya tsoma, ya kafa a bayan kunne, ya daɗe yana saurare har Kawu ya fara tausaya masa. Can sai ya ce, "Wane sakarai ne wannan yake buga dutse kamar mai fasa kwakwa da fushi?" Daga nan ya ce wa Kawu ya ɗauke hannunsa daga tuƙi, ya shigo da su ta tsakiyar ƙofa, ko gogar murjani ba su yi ba. Da suka iso fuskarsa duk ruwa. Ya ce fantsamar teku ce, ba wanda ya yi masa musu.

Neman gafarar kuwa irin tasa ya yi. Mama na zaune kusa da shi har gwiwarsu na taɓawa, ya ɗaga murya ya ce, "Prisila, ki gaya wa uwar mijinki hannunta ƙalau yake." Mama ta ce, "Prisila, ki gaya masa nawa kunnen ma ƙalau yake, duk abin da ya faɗa ran nan na ji." Amma da dare ya yi ita ta kai masa abinci.

To kada ki fara rawa, da sauran magana. Na ce ni zan riƙa buga masa. Ya ce, "Kai yau kana nan, gobe ka bi kifi can waje, jibi kana gona. Kuma bugunka ba ya cewa komai. A na uwarka ina jin ko ruwa ya janye, ina jin ko an yi baƙi, ina jin ko fushi take da ni in shirya." Gaskiya ya faɗa, ba zan iya tsayawa kullum ba.

Mashigar maza kuwa kin san mace ba ta taka ta. Na je wurin Kawu Maeta na roƙa. Ya ce, "Ɗana, da coci ya zo mun bar abubuwa da yawa, wannan ba mu bari ba. A nan raga ke kwana." Mama ma da ta ji ta ce ko an ba ta izini ba za ta taka ba, uwarta ba ta taka ba. Mun gwada ta buga daga cikin kwalekwale a kan hanyar ruwan, ruwa ya yi ta janta, bayanta kuma ba ya sunkuyuwa.

Yaya Hilda ta ga komai da idonta. Ta koma ita kaɗai, amma ta ce in ba a sami mai bugu na kullum ba kafin hutun makaranta na gaba, za ta dawo, kuma ba za ta saurari kowa ba. Ban ga laifinta ba. Bokonki ya kawo mu nan, in yana da saura ki aiko.

Yayanki,
Lemuwel

*

Fousango
Agusta, 1987

Auta,

Gaisuwa. Takardarki da kika ce ba ki da dabara, sai dai a jira ruwa ya wanke lakar ko da shekaru ne, ta zo. Kada ki damu, an riga ki. Ƙaramar Selina ta fara juyawa, babbar Selina kuwa ta juya gari.

Wata safiya Mama ta ce in ɗauki sanda in kai ta gefen hanyar ruwan, can gaba da mashigar maza, in nuna mata daidai inda laka ta ƙare yashi ya fara. Na nuna mata. Ta sa na kafa sandar a wurin. Daga nan ta wuce ta tsaya a iyakar mata ta ƙwala wa Kawu Maeta kira, mutane suka taru.

Ta ce, "Maeta, tsibirin nan da muke kwana a kai, da ma haka Allah ya ajiye shi?"

Ya ce, "Selina, kin sani. Kakanninmu suka tara duwatsun murjani ɗaya bayan ɗaya."

"To wancan wurin da sanda take, na maza ne ko na mata?"

Kawu ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Can ai ruwa ne. Ruwa na kifi ne."

Ta ce, "Madalla. In na tara duwatsu a wurin, na wa zai zama?"

Ya ce, "Na wanda ya aza dutsen fari." Sai da ya faɗa ya gane inda aka kai shi. Ya yi dariya har ya zauna.

Kesaya, da kin ga matan garin nan. Duk lokacin da ruwa ya janye sai su fita da kwalekwale su ɗebo matattun duwatsun murjani, masu goyo da tsofaffi, suna waƙa suna zagin mazansu. Mu kuwa an hana mu taɓa ko tsakuwa, don in hannun namiji ya aza dutse wurin ya zama rigima. Muka jeru a mashigarmu muna ba da shawarar da ba wanda ya tambaya. Na ce wa Prisila ɓangaren hagu ya karkace, ta ce, "Ka riƙe 'yarka da kyau, kanta ne ya karkace." Wurin bai wuce tabarma biyu ba, sun bar shi ƙasa-ƙasa yadda in ruwa ya cika zai kai wa Mama ƙugu, suka kafa itace a tsakiya na jingina. Sunansa yanzu Tsibirin Selina, har limamin coci haka yake kira.

Ranar Litinin Baba ya fita shi kaɗai. Ba na son ƙarya, ni da Kawu mun bi shi daga nesa. La'asar na yi Mama ta tuƙa kanta ta je ta hau, ta fara. Muna kallo ya tsoma filafili sau ɗaya, ya juya hancin kwalekwalen, ya shigo kamar mai ido huɗu. Ya ratsa ta gabanta ya ce, "Yau ba baƙi, kuma kina fushi." Ta ce, "Ka daɗe." Ya miƙa mata kifi mafi girma. Na rubuta wa Yaya Hilda ta ajiye kuɗin jirginta.

Baba yana da tambaya, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. "Ka tambayi 'yar bokon nan, ƙarar da laka ta shanye, ina take zuwa? Abu ba ya shiga wuri ya zama babu."

Yayanki,
Lemuwel

*

Townsville
Satumba, 1987

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama mai tsibiri. Na karanta labarin a ɗakin aiki na yi ihu har aka leƙo. Lafiyata ƙalau, kuma an ba ni hutun Kirsimeti, ina zuwa. A ajiye min dutse ɗaya in aza.

Gaskiyarka, ba ta zama babu. In ƙara ta shiga laka, tana girgiza ƙwayoyin lakar da ruwan da ke tsakaninsu, suna gogar juna, kamar yadda kake murza tafin hannu da safe in ana sanyi. A nan take ƙarewa, ta koma ɗumi. Ɗan kaɗan ne ƙwarai, ko na'urarmu ba za ta iya auna shi ba. Amma can take zuwa.

'Yarka,
Kesaya

*

Fousango
Oktoba, 1987

Ƙanwata,

Muna lafiya, muna jiranki. Ki taho wa Mama da man shafawa na hannu, ni kuma ƙugiyoyi ƙanana.

Na karanta wa Baba amsarki. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce wa Mama ta je tsohon wurinta a mashigar mata ta ɗebo masa laka. Ta ce tsufa ya fara taɓa shi, amma ta tafi, ta kawo a ƙoƙon kwakwa. Ya cusa yatsunsa ciki ya bar su.

Ya ce, "Da ɗumi."

Na ce, "Baba, rana ce ta gasa ta. Kesaya ta ce ko na'ura ba ta ji."

Ya ce, "Na sani. Ba kai na tambaya ba." Ya laluba ya kamo hannun Mama, wanda ya fashe ɗin, ya sa shi a cikin ƙoƙon tare da nasa. Ya ce, "Selina, ashe duk ranakun da na ce ba ki buga ba, ga su nan."

Mama ta ce ya sakar mata hannu tana da aiki, amma ba ta janye ba.

Ƙoƙon yana ƙarƙashin gadonsa har yau, ya hana a zubar. Wari ya ishe mu. In kin zo ke za ki yi masa magana, tun da ke kika jawo.

Yayanki,
Lemuwel